Me ya kai mu Ingila neman gawa?

Maganar wannan makon za ta sosa wa wasunmu rai, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wani salo ya shigo mana kwanan nan: labarin binciken kisan kai wanda ranar kisan take ta maimaita kanta. Jarumi ya kwanta, ya farka, ya tarar safiyar jiya ce ta dawo, wanda aka kashe yana nan da ransa, da dare kuma za a sake kashe shi. Fitacce a cikinsu shi ne The Seven Deaths of Evelyn Hardcastle na Stuart Turton, wanda ya fito a 2018. Jaruminsa yana rayuwar rana guda a jikin mutum takwas, ba shi da mafita sai ya gano makashin.

Abin da ke jan mai karatu a nan ba ɓoyayye ba ne. Mun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Wannan salo yana ɗauko ta ya ajiye gaban goshi: ga ranar an dawo maka da ita, ga abin da ka sani, me za ka yi?

Masu cewa wannan jayayya ce da ƙaddara, amsarsu gajera ce. Tun 1937 aku yake zuba labari a Magana Jari Ce, ba wanda ya ɗauki hakan aƙida. Ƙirƙira ce, mai karatu ya sani.

Rigimarmu da masu kwafa ce. Duk rubutun da ya zo hannunmu kusan ɗaya ne: gidan bene a Maitama, attajiri da wasiyya, sufeto mai baƙin tabarau, sawun takalmi a kan kafet. An ɗauko gidan Turawa an sanya masa sunan Alhaji. Marubucin kuwa ɗan Gummi ne ko Bukkuyum, ya bi hanyar Anka zuwa Ɗaki Takwas sau ba adadi, amma ko sunan kasuwar garinsu babu a littafin.

Alhali ga abin da ya faru a ƙofar gidansa. A farkon 2010 ƙananan yara suka fara mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Amai, jijjiga, suma, sai mutuwa. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, magani bai yi aiki ba. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka gwada jini, sannan aka kama mai laifin: gubar dalma. Tana cikin duwatsun zinaren da ake kawowa gida ana dakawa, ana niƙawa. Ƙurar ta bi tsakar gida, yaro ya yi rarrafe ya kai hannu baki. Yara akalla 400 suka rasu.

To, mu ɗora salon a kan wannan. Uwa ta farka a ranar da ɗanta zai rasu. Ranar farko ta nemi maganin zazzaɓi. Ta biyu ta tafi wurin mai magani. Ta uku ta zargi kishiya, har mai karatu ya yarda da ita. Ta huɗu ta lura gidajen da ake niƙan dutse su suka fi zaman makoki. Duk alamar da ake buƙata tana shafin farko: turmi, ƙura, hannun yaro. Ka'idar labarin bincike ke nan, kada ka ɓoye wa mai karatu hujja, ka bar shi ya wuce ta da idonsa.

Ranar da ta gano gaskiya kuma, nan aikin yake farawa. Yaya za ta ce wa maigida ya bar sana'ar da ke ciyar da gidan? Wa zai saurare ta? Ba a nan ake damƙe mutum ɗaya a rufe littafi ba. A zahiri ma haka aka yi. An san dalma ce tun 2010, amma Bagega sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan an yi ta kiraye-kirayen a saki kuɗin aikin. A 2015 irin wannan guba ta sake kashe yara a Shikira ta jihar Neja. Ranar ta maimaita kanta, ba tare da wani marubuci ya ƙirƙira ba.

Sharaɗi ɗaya ne. Waɗannan yaran suna da iyaye, da yawansu suna raye. Kada mu ari sunan kowa, kada mu mai da makokinsu abin nishaɗi. Mu tambayi masu haƙa da ma'aikatan lafiya, mu san yadda gubar take aiki kafin mu ɗauki alƙalami. Wanda ya ga ba zai iya wannan wahalar ba, ya bar labarin ga wanda zai iya.

Amma mu daina cewa ba mu da abin rubutawa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.