A Duba Wayarin Kafin A Karɓi Makullin Gida



In mutum zai kama haya ko ya sayi gida a Jalingo, ko a Mayo Gwoi ne ko Magami ko Sabon Gari, rufi yake dubawa da rijiya da banɗaki. Ba kasafai ake tambayar yadda aka ja wayar wuta ba, alhali ita ce kan tashi gobara tsakar dare. A ganina ya kamata duba wayarin ya shiga sharuɗɗan ciniki, kamar takardar fili.

Wutar da YEDC ke ba gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne, ta Amurka kuwa 120. Shi ya sa injin markaɗe ko dutsen guga na gwanjon Amurka ke ƙonewa da zarar an jona shi. Adafta ba ta rage ƙarfin wuta, bakin fulogi kawai take sauyawa. A karanta rubutun jikin kaya. In an ga 100-240V, babu matsala. In 110V ko 120V ne kaɗai, sai da ƙaramin taransifoma mai rage wuta, a kuma yi wa soket ɗinsa alama don kada yara su rikita.

Gidaje da yawa yanzu wuta biyu ko uku suke sha: ta Nepa, ta janareta, ta sola. Idan babu makunnin sauya layi mai kyau, wutar janareta kan koma kan layin waje, ta iya hallaka ma'aikacin da ke kan falwaya.

Ga abin da mai gyara zai duba: kaurin waya, wato milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, esi da hita kuma su sami nasu layin daban. Ko an binne ƙarfen wayar ƙasa. Ko an ɗaure fis da guntuwar waya. Ko akwai soket da ya yi baƙi ko yake zafi.

Wani zai ce kuɗin haya ma da ƙyar ake haɗa shi, ina na mai dubawa? Gaskiya ne, amma kuɗin yini ɗaya na mai gyara bai kai na firji guda ba, balle rai. Kuma dokar 2015 da ta kafa hukumar NEMSA ta ɗora mata duba aikin lantarki da bai wa masu sana'ar takardar shaida. Mu nemi ganin takardar kafin mu ba mutum aiki.

Shawarata, a taro mai zuwa mu tattara sunayen masu gyaran da ke da wannan shaida, mu raba wa mambobi. Masu gidajen haya a cikinmu su fara da nasu gidajen.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.

Sakataren Ƙungiya