Ina Tocilar Gidanku Take Kwana?



Maudu'inmu na yau ƙarami ne, har wani zai iya yi mana dariya. Tambaya ce guda: in aka tashe ka ƙarfe biyu na dare, babu wata, babu wuta, hannunka zai iya zuwa kan tocila kai tsaye ba tare da lalube ba? Mu dai an yi mana wannan jarrabawa, kuma mun faɗi.

Daminar da ta wuce ne, a gidanmu na Gwaska. Cikin tsakiyar dare ƙanwarmu 'yar shekara shida ta ƙwalla ƙara, wai wani abu ya same ta a ƙafa. Abin haske uku muke da shi a gidan. Tocila ɗaya yara sun yi wasa da ita da magariba sun yar a bayan randa. Ta biyu tana aljihun rigar Baba, rigar kuma tana cikin wasu riguna huɗu a rataye. Na uku waya ce, cajinta ya ƙare tun la'asar. Mun yi kusan minti biyar muna karo da juna, Inna tana salati, yarinya tana kuka, ba wanda ya san ko kunama ce ko kububuwa. Allah Ya taƙaita, kunama ce. Amma tun daga daren nan muka tsaya a kan ra'ayi ɗaya: tocilar da ba ka same ta cikin duhu ba, daidai take da wadda ba ka saya ba.

Wanda yake zaune a birni zai ce ai wannan ba abin rubutu ba ne. Mu da muke gefen dajin Birnin Gwari mun san nauyin dare. Ranar Asabar 5 ga Mayun 2018 aka kai wa Gwaska harin da aka rasa mutum aƙalla 45, Allah Ya ji ƙansu. Bayan wannan rana mutane da yawa sun koyi barci da kunne ɗaya a buɗe. A ƙarshen 2021 gwamnatin Kaduna ta sa an katse layukan waya a yankinmu har kusan wata biyu, ba wanda za ka kira, abin da yake hannunka shi ne naka. Sulhun ƙarshen 2024 ya kawo sauƙi, kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta sake ci, mun gode Allah. Sai dai sulhu bai hana maciji fitowa da damina ba, bai hana naƙuda tasowa da tsakar dare ba, bai hana tsoho tuntuɓe a hanyar makewayi ba.

To mene ne magani? Mu duba buta. Ba mu taɓa ganin gidan da ake neman buta da asuba ba, domin kowa ya san inda take zama, wanda ya ɗauka kuma yana mayarwa. Mu duba makaho da sandarsa: ba ya neman ta, inda ya jingine ta jiya nan zai same ta yau. Wanda ba ya gani ya riga mu gane cewa cikin duhu hannu ne yake aiki, kuma hannu ba ya sanin komai sai abin da aka saba masa.

Saboda haka abu na farko shi ne mazauni. A kafa ƙusa ɗaya a bango daidai inda hannun mai kwance zai kai, wata kuma a gefen ƙofa, ƙasa-ƙasa yadda yaro ɗan shekara bakwai zai iya ɗauka. A ɗaura wa tocilar igiya a rataye ta. Ƙarƙashin matashi ba mazauni ba ne, kafin asuba ta gangara bayan katifa ko ta naɗe cikin gidan sauro. Kuma a sa doka: tocilar ƙusa ba ta zuwa gona, ba ta zuwa hira, ba a ara wa maƙwabci.

Abu na biyu, alamar da yatsa zai gane. A naɗa robar tsohon tube na keke a wuyanta, ko a ƙulla igiyar ta ɓangaren makunni, yadda kana kamawa babban yatsanka zai faɗa kansa. Wanda ya firgita ba ya iya juya tocila yana neman inda ake dannawa.

Abu na uku, ɗan haske na kanta. A nan mutane suke yin kuskure. Ƙyallen nan da yake jikin rigar 'yan acaɓa da bayan manyan motoci ba shi da haske nasa, sai an haska shi yake mayarwa, don haka cikin ɗaki mai duhu ba ya tsinana komai. Abin da ake so shi ne irin wanda yake jikin hannun agogo da carbin nan mai haske: yana shan haske da rana ko daga fitila, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da dare. Ƙwaya biyu daga irin wannan carbi da ya tsinke sun isa a zura a igiyar tocila. Sharaɗinsa ɗaya, sai ya sha haske. In ɗakin bai samun rana, a haska shi da tocilar kanta kafin a kwanta. Yana dusashewa yayin da dare yake nisa, amma idon da ya daɗe cikin duhu yakan tsinkayi abin da idon rana ba zai gani ba.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mana a zaure. Na farko: a wurin da ake tsoron hari, haske yana tona asiri. Gaskiya ne, akwai daren da hikima ita ce kada ka kunna komai. Amma wanda tocila take hannunsa shi yake da zaɓin kunnawa ko bari, har ya iya rufe bakinta da yatsu ya bar ɗan siririn haske a ƙasa. Wanda yake lalube yana ture kwanuka ba shi da zaɓi, kuma ƙarar kwano ta fi ƙwayar carbi tona asiri. Na biyu: ai kowa yana da waya. Waya tana yawo, tana wurin mai caji, tana hannun yaro yana kallo. Abin da yake aiki goma ba a dogara da shi ranar aiki ɗaya. Na uku: matsalarmu tsaro ce da wutar lantarki, ba ƙusa ba. Ba mu musa ba, kuma ba za mu daina neman haƙƙinmu ba. Amma a Oktoban 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, manyan biranen Arewa ma sun yi kwanaki cikin duhu. Ƙusa kuwa yau ɗin nan za a iya kafa ta, ba sai an jira kowa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A riƙa gwada ta duk Juma'a, in ta batir ce a duba kada ya yi ruwa ya cinye ta, in ta caji ce a ba ta haƙƙinta.

Yanzu mu dawo kanmu, mu masu alƙalami. Sau nawa muka rubuta "ta farka a firgice ta kunna tocila" muka wuce? A ina ta samo ta? Wa ya ajiye ta a nan? Tsakanin farkawa da samun haske akwai daƙiƙun da suke nuna wane ne mai tsari a gidan, wane ne mai sakaci, wa yake fara kiran sunan wa. Muna tsallake su muna gudu zuwa gidajen Abuja masu janareta, alhali mai karatunmu na Kuyello da Dogon Dawa ya san wannan lalube fiye da yadda ya san falon attajiri. In muka rubuta shi daidai, zai ga gidansu a ciki, wataƙila ma ya tashi ya nemi ƙusa.

Aikin wannan mako: yau da dare a kashe komai, a rufe ido, a ƙirga daƙiƙa nawa za a yi kafin hannu ya kai ga tocila. Kowa ya zo ya faɗa mana adadinsa da gaskiya, da abin da ya ture a hanya. Namu na farko ba ma son tunawa, na yanzu uku ne.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu dare da rana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.