CINIKIN BIRI A SAMA

Jama'a, akwai wata ɗabi'a ta masu motocin haya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar tsohuwar Hiace ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, sai ka ji maigida ya ce inji ya mutu, a je Ƙofar Ruwa a ɗauko ɗan Kwatano. Haba malam! Wa ya gwada ya ce maka ya mutu?

Shi hayaƙi ai magana yake yi. Shuɗi na nufin baƙin mai ne ke ƙonewa, galibi ringi ne ya cinye. Fari mai kauri ruwa ne ya shiga, a duba gaskit. Baƙi kuwa mai ne ya yi yawa bai ƙone ba. Wanne ne a ciki ya kai a jefar da inji? In dai bulok bai tsage ba, karanshaf kuma zai karɓi gyara, to a sauke inji a yi masa aiki da kaya masu kyau.

Shi ɗan Kwatanon da ake rawar jiki a kansa, wani ne ya gama cin moriyarsa a Turai ko Japan. An wanke shi yana ƙyalli, amma wa ya ga cikinsa? Tun da aka saki darajar naira a 2023, duk kayan da ake shigowa da su sun yi tashin gwauron zabo. Ina kuɗin zai fito? Sarƙar uwargida ce za a kai kasuwa, ko a kwashe mata adashi. In injin ya buga bayan wata biyu, ita ce a ciki, ga yara ga tukunya.

Za su ce ai makanikai ba amana, sai a biya kuɗin sabon ringi a sa jabu. To tashi ka sayo kayanka da kanka, ka tsaya a gareji har a ɗaure inji. In kuwa bulok ya tsage, ba musu, a canja. Amma a tayar da shi a gabanka, a rubuta sharaɗin mayarwa, a gyara lambar inji a takardun mota.

Mata kuma, kafin ki cire sarƙarki ki tambaya, wane irin hayaƙi take yi? Haƙƙinki ne. Allah ya sa mu gane, amin.