Babur ɗin gwangwani ba shiririta ba ne

1/ Na je hutu Kusada, na tarar ƙanena ya ƙera Boxer da gwangwanin madara da waya, tayoyin kuma tsohon silifas. Kwana uku yana fentin sarƙa da salansa. Kawu ya shigo ya ce shiririta ce, ya sa ƙafa ya take. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

2/ Kun san wahalar fentin ƙananan sassa kuwa? Ba shi da burushi. Tsinken tsintsiya yake tsomawa a ragowar fentin da ya roƙo. In ya cika, ramukan sarƙar su toshe. Baƙi yake fara sawa, ya bushe, sannan ya shafa ruwan azurfa sama-sama don haƙoran su fito.

3/ Ba wanda ya koya masa. In ya raka Baba Kankia, wajen masu gyaran babur yake tsugunawa yana kallo.

4/ A Japan, kamfanin Tamiya na sayar da irin wannan a kwali, babur da aka ƙanƙanta sau 12. Dattawa masu furfura ke haɗawa suna fentawa. Nan kuwa sai "tashi ka nemi abin yi".

5/ Mu 'yan jami'a, mutum nawa cikinmu ya taɓa kwance kafireta? Mu haddace zane, mu ci jarrabawa, shi ke nan. Sannan mu zo nan muna kukan komai daga waje ake kawo mana.

6/ Iyaye da kawunnai, in ba za ku saya musu fenti ba, ku ɗauke ƙafarku. Ni dai na saya masa burushi. Ya fara sabo.