Taswirar Ƙaramar Hukuma da Haƙƙin Talaka

Hausawa kan ce matambayi ba ya ɓata. To amma wanda ya ɗauko mai naƙuda da tsakar dare ba shi da sararin tsayawa tambayar inda asibiti yake. A ƙasashe irin su Ingila, ƙananan hukumomi da yawa sun ɗora taswirar yankunansu a intanet. Mutum kan rubuta adireshinsa, nan take ya ga makaranta da ɗakin karatu da sauran wuraren amfanin jama'a mafi kusa da shi. Ya kamata ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya su ɗauki irin wannan aiki a matsayin wajibi, musamman da yake Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora musu alhakin raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Taurarin ɗan Adam na GPS suna kewaya duniya daga nisan kimanin kilomita 20,200. Da zarar wayar salula ta karɓi saƙo daga huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take. Idan aka tsaya a bakin rijiyar burtsatse aka ɗauki waɗannan lambobi, rijiyar ta zama ɗigo a kan taswira. Haka za a bi asibitoci da makarantu da kasuwanni.

Tarihi ya nuna cewa taswira tana ceton rai. A shekarar 1854, likita John Snow ya zana gidajen da cutar kwalara ta yi kisa a wata unguwa ta Landan, sai ga shi sun kewaye famfon ruwa guda ɗaya. A nan gida kuwa, tun daga wajen 2012 masu yaƙi da cutar shan inna suka fara amfani da hotunan tauraron ɗan Adam a Kano da wasu jihohin Arewa, inda suka gano ƙauyuka da rugage waɗanda babu su a taswirar da aka zana da hannu. Wannan na cikin abubuwan da suka taimaka har aka tabbatar, a Agustan 2020, cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Sai dai akwai haɗari. Ɗigon da ke nuna famfon da ya shekara uku ba ya kawo ruwa, ko ɗakin shan magani da babu ma'aikaci, yaudara ce, kuma wanda ya dogara da shi zai yi tafiyar banza. Saboda haka dole kowane ɗigo ya faɗi ko wurin yana aiki, da ranar da aka duba shi. Masu cewa ba kowa ke da babbar waya ba sun yi gaskiya, amma maganin wannan shi ne a buga taswirar a takarda, a manna a fadar dagaci da ƙofar makaranta.

A nan ne makarantun sakandare za su taka rawa. Malamin labarin ƙasa da waya guda ɗaya yana iya fita da ɗalibansa sau ɗaya a zango, su duba wuraren da ke mazaɓarsu, su miƙa wa hukuma sakamako. Ɗalibai za su koyi kimiyya a aikace, kansila kuma zai ga unguwar da aka manta da ita ƙuru-ƙuru a gabansa. Gani ya kori ji.