Kimiyya a Saukake: Man Sikanin da Ya Rage a Fata

Da yawanmu mun taɓa raka Inna ko Yaya awon ciki, wasunmu ma mu aka tura sikanin saboda ciwon mara. Kafin a ɗora na'urar, sai a matsa wani mai mai sanyi da yauƙi a fata. In an gama a miƙo tishu. A isa gida a tarar saura ya bushe a cibiya ko ya manne a zane, sai hankali ya tashi: yana shiga jiki ne? Zai taɓa jariri?

Mu fara da aikinsa. Na'urar sikanin sauti take turawa cikin jiki. Kunnenmu ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, nata kuwa miliyoyi ne. Sautin ya bugi hanta ko ƙoda ko jariri ya dawo, kwamfuta ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Abin da ke ɓata aikin shi ne iska. Ko 'yar kaɗan ce tsakanin na'ura da fata, kusan duk sautin baya zai koma. Man nan shi ke korar iskar.

Mafi yawansa ruwa ne, sai gilisarin ko danginsa, da sinadarin kauri da na hana lalacewa. Gilisarin ɗin ma yana cikin man da muke shafawa da hunturu. Saman fata yake tsayawa, ba ya kaiwa mahaifa. A goge, a wanke da ruwa da sabulu, shi ke nan. Dirza da bilic ko kananzir shi ne zai jawo ciwo.

Sai dai mu kula da abu biyu. Akwai masu fatar da ba ta jituwa da shi. In an ga ja, ƙaiƙayi ko ƙuraje, a wanke a koma asibiti, a kuma faɗa kafin sikanin na gaba. Na biyu, in akwai rauni ko ɗinkin tiyata a wurin, a sanar da ma'aikaci, domin akwai tsarkakakken mai na ƙaramar leda da ake amfani da shi sau ɗaya. A 2021 an janye wani man sikanin daga asibitocin Amurka saboda ƙwayoyin cuta sun gurɓata shi.

Don haka in muka ji wata a gida tana shirin fasa sikanin saboda tsoron man nan, mu zauna mu yi mata wannan bayani cikin ladabi, mu kuma raka ta.