Raddi Ga Masu Cewa Uba Ya Cinye Abinsa Kafin Ya Mutu

A 2020 wani Ba'amurke ɗan kasuwar makamashi, Bill Perkins, ya fitar da littafi mai suna Die with Zero. Kiran da ya yi a ciki shi ne mutum ya tsara rayuwarsa yadda ranar da zai cika ba za a tarar da ko kwabo a asusunsa ba. Ra'ayin ya samu karɓuwa a can, ya kuma iso mu. Yanzu kana jin sa a bakin ma'aikacin da ya kusa ritaya da ɗan kasuwar da 'ya'ya suka gajiyar, sai dai an yi masa ado da aya da hadisi: "Ni dai zan ci gumina, na baya Allah ya ba su nasu." Ba duk hujjojinsu ne na banza ba, shi ya sa suka cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Farkon abin da suke kafa hujja da shi hadisi ne ingantacce, wanda ma'anarsa ita ce ɗan Adam ba shi da komai a dukiyarsa sai abin da ya ci, ko ya sa, ko ya yi sadaka da shi. Suka ce tunda saura na magada ne, mai hankali ba zai bar saura ba. Hadisin yana kashe alfahari ne da son tarawa, bai zo don ya halatta share rumbu ba. Dalili kuwa, wanda ya faɗe shi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya hana Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Sa'ad ya kwanta ciwo a Makka a shekarar Hajjin Bankwana har ya fid da rai, ga dukiya, ga shi 'ya ɗaya tak gare shi. Ya nemi izinin bayar da kashi biyu cikin uku, aka hana shi. Ya nemi rabi, aka hana. Aka tsayar da shi a kan sulusi, aka ma nuna masa sulusin yana da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. A lura, sadaka Sa'ad ya so yi, ba yawon shan iska ba. Idan an taka wa sadaka burki saboda haƙƙin 'ya ɗaya, ina ga sabuwar mota da Umara ta biyar, alhali akwai 'ya'ya goma sha biyu a gida? Sa'ad ɗin ma bai mutu a wannan ciwo ba. Ya ƙara fiye da shekara 40 a duniya, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi 'ya'ya da yawa. Da an bar shi ya rabar, da waɗannan sun zo sun tarar da wayam.

Suka ce gado yana lalata 'ya'ya, yana kashe musu zuciya. Wannan tsohuwar magana ce a Amurka. Andrew Carnegie ya yi ta tun 1889, kuma da irin wannan tunani Bill Gates da Warren Buffett suka fara kiran attajirai a 2010 su yi alƙawarin bayar da akasarin dukiyarsu. To amma su biliyoyin daloli suke magana a kai, a ƙasar da mutum zai iya rubuta wasiyya ya miƙa wa ɗa guda kusan komai. Mu ɗauko namu lissafin. Magidanci ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar gida na naira miliyan 8, da mata biyu, da 'ya'ya maza huɗu da mata shida. A ce ma babu bashi, babu wasiyya. Tumunin takaba miliyan 1 ne, matan su raba, kowacce dubu 500. Saura miliyan 7 a kasa shi 14: ɗa namiji miliyan 1, 'ya mace dubu 500. Don Allah, wane saurayi ne miliyan ɗaya za ta sangarta har ya daina nema, a shekara irin 2024 da buhun shinkafa ya kusa dubu 100? Ayoyin Suratun Nisa'i sun riga sun yi maganin abin da Carnegie yake tsoro, domin suna farfasa dukiya a kowane zamani. Wanda ya ci gado ya lalace, ka bincika, tun uban yana raye ya lalace. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955 ya bar dukiyar da babu irinta a Afirka ta Yamma a lokacin, kuma ba mu ga ta kashe zuciyar 'ya'yansa Sanusi da Aminu ba, balle jikan Sanusi, Aliko Ɗangote.

Hujja ta uku ta fi ratsa zuciya: gado yana raba zumunci. Gaskiya ne, duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ranar rabon gado ya gani. Za ka ga 'yan uba sun zauna benci daban-daban ba mai gaida wani, tsohuwa ta kunto takarda daga bakin zanenta, ta yi laushi har rubutun ya dushe, tana cewa Malam ya ba ta ɗakin nan tun yana raye, alƙali yana tambaya wa ya shaida, shiru. Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Me ya kawo su kotun? Babban wa ya riƙe gida shekara 20 yana karɓar haya, ya ce kada a wargaza gidan Baba. An hana mata gona, wai za su kai wa gidan wani. Mamacin ya sayi fili da sunan aboki bai gaya wa kowa ba. An mutu a kan mutuwa, gado ya hau gado, har lissafin ya gagari malamai. Duk wannan laifin jinkiri ne da ɓoye-ɓoye da zalunci, kuma maganinsa a rubuta, a sa shaidu, a biya bashi, a raba da wuri. Gidan da aka mutu ba a bar komai ba shi ma bai tsira ba. Can rigimar wa zai ɗauki marayu ake yi, kuma ta fi muni, don ita ba wanda yake kai ta gaban alƙali.

Sai hujjar da ta fi kowacce ƙarfi, wadda Perkins ya fi dogara da ita. Ya ce a Amurka yawanci gado yana isa hannun mutum ne yana wajen shekara 60, lokacin da ya gama gina rayuwarsa. Gara a ba shi tsakanin 26 da 35, sa'ad da kuɗin zai yi masa rana. A nan na yarda da rabin maganar. Uban da ya biya wa 'yarsa karatun jinya, ya ba ɗansa jari a Kantin Kwari yana ganin yadda yake juya shi, ya yi abin da ya fi ajiya. Sai dai lissafin shekarun ba namu ba ne. Can mutum yakan haifi biyu ya tsaya, ya rayu kusan shekara 80. Nan binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma tana haihuwar 6.6 a matsakaici, ga mata fiye da ɗaya a gidaje da yawa. Dattijo yakan rasu babban ɗansa yana da jika, autansa yana rarrafe. Idan ya rabar da komai ga waɗanda suka kai 26, ya ɗebi haƙƙin na goye ya ba mai gemu.

Fiƙihu bai bar wannan ƙofa a sake ba. Sahabi Bashir ya yi wa ɗansa Nu'uman kyauta ya nemi Annabi ya shaida, aka tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yan irinta, da ya ce a'a aka ƙi shaidawa. Malamai sun saɓa ko fifitawar haramun ce ko makaruhi, amma ba wanda ya yabe ta. A mazhabar Malikiyya kuma kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai kyautar ya mutu ko ya shiga ciwon ajali. Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha wasaƙi 20 na dabino daga gonarsa, ba ta kai ga ɗiba ba har ya kwanta ciwon ƙarshe, sai ya gaya mata yanzu ya zama na magada. Cikin magadan da ya lissafa mata har da cikin da matarsa take ɗauke da shi, wanda aka haifa bayan rasuwarsa, Ummu Kulsum. Mutumin da ya taɓa kawo dukiyarsa kaf don Allah, shi ne a ƙarshe yake tsare rabon jaririyar da bai gani ba.

Wasu kan kawo Umar bin Abdul'aziz, wai ya mutu bai bar wa 'ya'yansa abin kirki ba, ya bar su ga Allah. Umar bai cinye ba, mayarwa ya yi. Ya ga dukiyar gidan sarautar Banu Umayya ba halalinsu ba ce, ya tura ta baitulmali, har da kayan adon matarsa Fatima. Wanda yake zargin dukiyarsa, to ya yi koyi da shi, ya mayar wa masu ita. Wanda tasa halal ce, ya duba ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi: an tayar da katanga don a tsare taskar marayu biyu har su girma, kuma an siffanta ubansu da salihi. Ajiyar da ya bari ba ta rage masa tawakkali ba.

Batun faɗuwar darajar naira ba ya buƙatar dogon zance. Haka ne, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma wanda ya ajiye kuɗin sallamarsa a banki ya yi asara yana zaune. Wannan hujja ce a kan ajiye takarda. Fili da gona da shanu da zinare ba su bi naira sun faɗi ba, kuma kakanninmu ba su taɓa tara arziki a takarda ba.

Akwai mai rowa da yake fakewa da "ina tara wa yara" alhali yaran suna kwana da yunwa, shi kansa yana ciwo ya ƙi zuwa asibiti. Wannan ba shi nake karewa ba. Ciyarwa wajibi ce a yau, gado kuwa sai abin da ya rage. Amma masu cewa a ƙarar da komai sun manta abin da tsarin Perkins ya tsaya a kai. Shi yana magana ne da mutanen da gwamnatinsu take biyan tsofaffi kuɗin wata tun dokar 1935, take ɗaukar nauyin jinyar wanda ya kai 65 tun 1965, kuma yana ba su shawarar sayen inshorar da za ta riƙa biyan su har mutuwa idan rai ya yi tsawo. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mara lafiya yake fita. Dokar fansho ta fi shafar masu albashi. Manomin Ɗanbatta da mai awo a Dawanau ba su cikin lissafin. Dattijon da ya tsara abinsa ya ƙare yana 70, sai Allah ya ba shi 85 da ciwon suga da hawan jini, wa zai saya masa magani shekara 15? 'Ya'yan nan ne dai, waɗanda ya ce ba ya bin su, ba sa bin sa.